Waken Mama a Tukunyar Baba Walta

Zangonmu na farko a Greensboro wani ɗakin ajiyar kaya ne a gidan Alhaji Mani, can wajen Sedgefield, inda gidaje ke fuskantar filin da Turawa ke buga ƙaramar ƙwallo da sanda. Mutumin Damagaram ne kamar mu, shi ya sa Baba ya sauke mu wurinsa kafin ya samo mana namu ɗakin. Abin da na fara lura da shi a ƙasar nan shiru ne. Da safe ba carar zakara, ba mai tallan koko, sai ƙofar gareji ta ɗaga da kanta, mota ta fita, ƙofar ta sauko. Mama takan ɗage labule kaɗan ta daɗe tana kallon titi, sannan ta tambaye ni wai ina mutanen garin nan suke wuni.

Ni ce 'yar fari, don haka Mama ba ta kama sunana. "Ke" take ce mini, in kuma ranta ya yi fari ta ce "yarinyar nan". Ƙannena biyu, Sani da Mariya, mun baro su wajen Kaka. Tun makon farko Baba ya faɗa mana yadda abin yake. Yana zaune bakin katifa yana murza yatsunsa da suka sandare da sanyin masana'antar yanka kaji inda yake aiki, ya ce Kaka ta tsufa, ba za ta iya riƙon yara har abada ba, kuma albashinsa shi kaɗai ba zai kawo su ba. In Mama ta sami aiki tsayayye kafin a rufe makaranta, za a fara neman takardun yaran su zo. In ba ta samu ba, sai ta koma wurinsu, ni in zauna in yi karatu. A hankali ya faɗa, ba faɗa ba hayaniya, amma daga ranar na fara kallon Mama kamar baƙuwar da ta riga ta yafa mayafinta.

Matar Alhaji ta ce Mama ta ɗauki gidan kamar nata, ta kuma yi alkawarin sama mata aiki wajen wata mai kitso. Sai ya zama Mama ce mai wanki, mai guga, mai girki, mai yi wa yara wanka, aikin kitson kuwa kullum sai mako mai zuwa. Yaran gidan da Turanci suke amsa wa uwarsu. In na yi musu Hausa sai su kalli juna. Tun a gida ban cika magana ba, a nan sai na kusa dainawa gaba ɗaya.

Zango na biyu hawa na biyu ne na wani dogon gini a cikin gari, ɗaki da falo, da kafet mai warin tabar wanda ya tashi. Daga nan na fara zuwa makaranta a doguwar bas rawaya. A lakwal, makarantarmu ta Damagaram, ni ce ke zuwa ta ɗaya a Faransanci. A nan ko izinin zuwa bayi ban iya nema ba. Lokacin cin abinci ya fi komai wuya. Ina tsoron alade, don haka burodi da madara kawai nake ɗauka in je ƙarshen tebur in zauna. Akwai wata mata mai jiki, mai raga a kanta, cikin masu zuba abinci, wadda ta lura da ni.

Wata rana da aka yi sanyi sosai na fara ganin cili. Miya ce mai kauri ta niƙaƙƙen nama da tumatir da barkono, da jan wake a ciki, ana sha da cokali. Ƙamshinta ya kusa sa ni kuka, don ya yi kama da ƙofar gidanmu da hantsi, lokacin da Mama ke sauke tukunyar wake da shinkafar da take kaiwa bakin tasha. Matar ta ga na tsaya, sai ta ɗora yatsu biyu a kanta kamar ƙaho, ta yi kukan saniya ƙasa ƙasa don kada yara su ji. Na gane tana nufin ba alade ba ne. Amma ban san wanda ya yanka ba, sai na tsince waken ɗaya ɗaya na ci, na bar naman. Daga ranar, in an yi cili, takan nutsa ludayi can ƙasa inda wake ya taru ta zuba mini. Har na bar makarantar ban san sunanta ba.

Zango na uku ba gida ba ne, kicin ne. Alhaji Mani ya sayi wani gidan mai a McLeansville, gabas da gari, inda gidaje ke warwatse cikin gonaki kuma ba bas da ke zuwa. A gefen kantin akwai ɗan kicin mai taga, inda direbobi da masu yankan ciyawa ke tsayawa su ci abinci. Alhaji ya cire duk abin da ya shafi alade, ya kawo naman yanka, amma ya bar kukun da ya tarar, kamar yadda ya bar firiji da kujeru. Ya ce Mama ta zo koyon aiki, ta wanke kwanuka ta yanka albasa, in ya ga hannunta zai duba. Ni kuma nake bin ta ranar Asabar da ranakun hutu, don ni ce bakinta da kunnenta.

Kukun baƙar fata ne, dogon tsoho mai ɗan rankwafawa, sunansa Walter. Ɗan yatsansa na dama ba kai, inji ya cinye a masaƙar da ya yi wa aiki kafin a rufe ta. Mama ta sa masa Baba Walta. Ranar farko da ya ga tana neman wurin salla, ya shiga sito ya ture buhunan gawayi, ya buɗe wani sabon kwali ya shimfiɗa a ƙasa. Bayan nan kullum kwalin na nan jingine a bayan ƙofa, ba ya bari a taka. Da yake Baba na wurin aiki lokacin da muke tashi, Baba Walta ne yake mai da mu gida a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, ko da yake ba hanyarsa ba ce.

Cilinsa ba irin na makaranta ba ne. Ba ya soya naman. Cikin ruwan sanyi yake zuba shi ɗanye, ya sa hannu ya yi ta murzawa kamar mai dama fura, har ya zama ba ko gudaji ɗaya, sannan ya ɗora a wuta kaɗan kaɗan, ya sa tumatir da garin barkono da albasa, ya bar shi ya wuni yana tsotsewa. A kan hotdog yake zubawa, wato burodi mai dogon nama a ciki, ko a ƙaramin kwano ga mai so. Babu wake ko ƙwaya.

Mama ta yi kwanaki tana kallonsa ta wutsiyar ido tana yankan albasa. Ranar da abin ya ishe ta sai ta ajiye wuƙa.

"Ke, tambaye shi. Miyar kam na gani, to ina abincin?"

Da ƙyar na haɗa Turancin. Ya yi dariya har ya dafa tebur, ya ce in gaya mata abincin ke nan take gani. Wake ba ya shiga cili. Wanda ya sa wake, miyar wake ya yi, Allah ya ba shi lafiya ya sha, amma kada ya kira ta cili a gabansa.

Mama ta ce in gaya masa a garinmu nama zalla sai ranar Layya. Mutumin da ya wuni yana tura injin ciyawa, in ka ba shi wannan da azahar, kafin la'asar cikinsa zai fara kiran sunanka. Mai dafa nama zalla ranar aiki, in ba mahauci ba ne, to mai son a gani ne. Na rage wannan ta ƙarshen, amma ya karanta a fuskarta, ya ce in faɗa masa duka, shi ba yaro ba ne. Da na faɗa ya ƙara dariya. Ya tambayi yadda muke kiran abin da Hausa, na faɗa masa, daga ranar Mama ta zama Mis Wake. Ita kuma in ya juya baya takan ce tsohon nan mai taurin kai.

Haka suka yi ta yi, ni a tsakiya. Ban taɓa yin magana da yawa a rayuwata kamar a wannan kicin ba. Rabin Turancina a can na koya, ina ɗaukar tsiya daga wannan in kai wa wancan. Kuma a can ne kawai nake jin dariyar Mama irin ta gida, wadda take rufe baki da gefen zane.

Wata yamma yana mai da mu gida, muna wuce gonakin da aka nannaɗe ciyawarsu kamar manyan ganguna, ya faɗi dalilinsa ba tare da an tambaye shi ba. Yana yaro, uwarsa ma a masaƙa take aiki. Wake suke ci safe da yamma, wake da burodin masara, har ya tsani ƙarar zubar busasshen wake cikin kwano. Ranar albashi kaɗai takan sayo nama ta yi musu cili, kuma ba ta barin wake ya kusanci tukunyar. Takan ce musu yau kam su ma mutane ne. Na mayar wa Mama. Ta daɗe tana kallon hanya, sannan ta ce in gaya masa mu ma wake ne ya raine mu, da kuɗinsa aka sa ni makaranta, ita dai ba ta yi fushi da shi ba. Ya kaɗa kai, ya ce Mis Wake ta fi shi haƙuri.

Abin ya fara ne daga abincin ranarmu. Wata Asabar Mama ta dafa wake a ƙaramar tukunya, ta sa 'yar kanwa kamar ƙwayar masara don ya yi laushi, irin ungurnun da ta taho da ita daga gida ƙulle a tsumma. Ta ɗebi cilin Baba Walta ta haɗa, ta marmasa daddawa kaɗan. Muna ci a bakin taga sai wani mai gyaran rufin gidaje ya ji ƙamshi ya ce a sayar masa. Mako na gaba ya dawo da abokan aikinsa. Ba a daɗe ba bakin tagar ya rabu biyu. Masu aikin rana suna cewa na waken ya fi riƙe ciki. Wani farin tsoho mai kai wa dawaki ciyawa a Summerfield yana cewa sa wake a cili laifi ne da ya kamata a kai mutum kotu a kansa. Baba Walta yana tsaye da ludayi yana zuga su, yana jin daɗin gardamar fiye da kowa. Ko sau ɗaya bai ɗanɗana na Mama ba. Yakan sunkuya ya shaƙa, ya ce ƙamshin dai ba laifi, don nasa ne a ciki.

Alhaji Mani bai shiga gardamar ba. Shi tukunya yake leƙawa. Na ga ranar da ya ɗaga murfin ta Mama, ya juya da ludayi, ya ga yadda nama kaɗan ya cika ta har baki. Ya mayar da murfin a hankali.

Bayan kwana biyu ya shigo kicin ya dafa kafaɗar Baba Walta, yana murmushi, ya yi wa Mama magana da Hausa.

"Hajiya, kin ga tsohon nan ya gaji, naman da yake cinye mini kuma ya isa. Kicin ɗin nan ba ya ɗaukar kuku biyu. Ranar Asabar za mu ɗora tukunya biyu, taki da tasa, zan ce masa wasa ne na jan kwastoma. In taki ta riga tasa ƙarewa, ranar Litinin wurin naki ne, aiki cikakke. Shi kuma ya je ya huta."

Hannunsa na kan kafaɗar tsohon har ya gama. Baba Walta yana kallon bakinsa yana murmushi shi ma, irin murmushin wanda ake magana a gabansa da harshen da bai ji. Sannan Alhaji ya juya ya faɗa masa da Turanci cewa za a yi gasa, mai wake da marar wake, mutane su zaɓa. Tsohon ya tafa hannu, ya nuna Mama da ludayi, ya ce in gaya mata ta shirya kuka. Mama ta ce to, ta ci gaba da goge kwanon da ya riga ya bushe.

A gida Baba ya yi murna irin wadda ban taɓa gani ba tun zuwanmu. Ya san hannun Mama. Ya sayo katin waya ya kira Damagaram, ya ce wa Kaka ta fara yi wa yaran hoto na fasfo. Da Mama ta ce masa ai wurin tsohon ne za a ba ta, sai ya ce tsohon ɗan ƙasa ne, gwamnatinsu ba za ta bar shi da yunwa ba, mu kuwa wa muke da shi. Mama ta tashi ta ɗauko tire. Duk makon da tire a cinyarta take zama tana tsintar wake, tana ware masu huda gefe guda, ko da yake waken ƙasar nan ba shi da tsakuwa ba shi da ƙwari. Ni dai abu ɗaya nake so, in dawo daga makaranta in tarar da takalmanta a bakin ƙofa. Ina son Baba Walta, amma in na tuna jirgin da zai mayar da Mama sai in daina tunaninsa.

Ranar Asabar muka tarar ya riga mu zuwa. Ya jiƙa wa Mama wake tun jiya, don ya ce ba ya son in ya kayar da ita ta ce waken ne bai nuna ba. Sannan ya ɗauko daga motarsa wata baƙar tukunya mai nauyi, ta ƙarfe, wadda ban taɓa gani ba. Ta uwarsa ce. Ya ce tukwanen Alhaji sirara ne, suna kama wake a gindi, ita wannan ba ta ƙona abinci. Ya ɗora wa Mama ita a kan murhu da kansa, ya ce uwarsa za ta juya a kabari in ta ji abin da za a dafa a ciki, amma baƙo baƙo ne. Na mayar wa Mama. Ta shafa bakin tukunyar da tafin hannu, ta ce in ce masa ta gode.

Na tsaya kusa da ita kamar kullum. Ta ɗora waken, ta kwance tsumma ta gutsuri kanwa kamar ƙwayar masara ta jefa. Waken ya nuna lugub, kowane da fatarsa. Ta soya albasa da nama, ta zuba tumatir da barkono, ta haɗa, ta sa daddawa. Ƙamshi ya cika kantin har mai karɓar kuɗin mai ya leƙo. Launin ya yi ja mai sheƙi, mai ya taso a gefe. Ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, na ga idonta ya lumshe kaɗan, yadda take yi in abu ya yi daidai.

Baba Walta ya fita ya buɗe lema a kan teburan waje. Sai Mama ta sake kwance tsumman. Ta ɓallo kanwa kamar girman dabino, ta jiƙa a kofi, ta juya da yatsa har ta narke, ta tuttule a tukunyar. Kumfa ta taso fari fat ta kusa zubowa. Da ta kwanta, jan ya mutu, abin ya koma kalar laka. Duk yarinyar da ta taɓa tsayawa kusa da murhu a garinmu ta san ba a ƙara kanwa bayan tumatir, kuma ba a sa ko rabin wannan. Mama ta ɗago ta ga ina kallonta.

"Ke, je ki goge tebura."

Na tafi na goge.

Mutane sun zo da yawa ranar. Masu gyaran rufi suka karɓi na Mama da murna, suka kai cokali ɗaya baki, suka kalli juna. Waken ya narke ya zama taɓo, ga ɗanɗanon sabulu da ɗaci a ƙarshen harshe. Ba wanda ya ce komai, mutanen kirki ne, sai dai ni da ke kwashe kwanuka na ga yadda suke dawowa cike, an rufe su da takardar goge baki. Kafin la'asar ana kankare gindin tukunyar Baba Walta. Ta Mama ko rabi ba ta yi ba.

Alhaji ya shigo ya ɗebi cokali ɗaya ya taɓa a harshe. Shi ɗan Damagaram ne, bai buƙaci na biyu ba.

"Hajiya, kanwa ta yi yawa."

"Hannu ne ya kuɓuce, Alhaji."

"Hannun da ya tsufa yana sayar da wake a bakin tasha?"

Mama ta dubi ƙasa. Ya ajiye cokalin, ya ce to shi ba ya wasa da kasuwarsa, kuma mai wanke kwanuka ba ta yi masa wuyar samu ba, daga yau ta huta. Duk da Hausa, da murya mai sanyi, kamar suna gaisawa.

Baba Walta bai san an yi ba. Ya shigo yana rawa da kafaɗa, ya ce tunda ya ci nasara, yau zai yi wa Mis Wake adalci. Ya ɗauki kwano ya cika daga baƙar tukunyar, ya zauna a kan bokiti. Na ga fuskarsa a cokali na farko, yadda maƙogwaronsa ya tsaya kafin ya haɗiye. Amma bai ajiye ba. Ya cinye tas, ya kankare kwanon, ya sha ruwa, sannan ya ce in gaya mata ba laifinta ba ne, laifin wake ne, shi ya sha faɗa mata. Mama ta yi dariya ta rufe baki da gefen zane. Ta wanke masa tukunyar da kanta, ta goge, ta shafa mata mai kamar yadda ya nuna.

A mota yana ta ba ta haƙuri, yana cewa Asabar mai zuwa zai koya mata na gaskiya, tun daga murza nama. Mama ta ce in ce masa Allah ya kai mu. Da za mu sauka ta ƙara cewa in gaya masa ya rage gishiri, ta ga ƙafafunsa suna kumbura.

Baba ya tambayi Mama, ta ce Allah bai yi ba. Ya juyo wurina, na ce kanwa ce ta yi yawa. Ya daɗe yana kallonta. Bai ɗaga murya ba. Ya tashi ya shiga bayi ya yi ta wanke takalman aikinsa, muna jin ƙarar ruwa.

An nemi wani aikin, ba a samu ba. Otal suna son Turanci, masana'anta suna son mai mota. Aka rufe makaranta. Ina taya Mama haɗa kaya na ga wata leda a ƙasan akwati, takalman yara ne ƙafa biyu, na Sani da na Mariya. Na tuna ranar da ta saye su a kantin gwanjo, tana gwada tsawonsu da zare, a cikin makon nan na tsintar wake, kafin gasar. Lokacin na ɗauka na tarbarsu ne. Sai yanzu na duba da kyau. Silifa ne masu buɗaɗɗen sama, ba abin da yaro zai taka a sanyin Greensboro da su. Na mayar da ledar inda take. Har yau ban san ko don tsohon ta yi ba, ko don yaran, ko kuwa ita ma ba ta raba ba. Na so in tambaye ta, amma ba a yi mu da irin wannan tambayar ba, ni da ita.

Bayan tafiyarta ni na koma girki. Ina dawowa daga makaranta in buɗe ƙofa da makullin da ke rataye a wuyana. Baba Walta ya zo sau ɗaya, ya hau matakala da ƙyar, ɗauke da kwanon cili da wata rigar sanyi ta jikarsa. Alhaji ya gaya masa wai Mama ce ta gaji da ƙasar. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa, ya ce kicin ya yi shiru, ba wanda ke zaginsa.

Da sanyi ya sake shigowa, wata Lahadi Baba ya tsaya shan mai a McLeansville, na shiga in gai da shi. An rufe tagar da katako. A kan kanta akwai wani inji mai famfo, mutum ya danna da kansa cili ya zubo, a ƙasa kuma manyan gwangwanayen cili jere. Mai karɓar kuɗi ya ce an sallami tsohon tun watan jiya, bai san inda yake zaune ba. Na leƙa sito. An cika shi da katan na lemo.

Da yammar muka kira gida. Sai an kira telesantar, shagon wayar unguwa, a aika yaro ya kira Mama, a sake kira. Baba ya gama nasa ya miƙo mini. Ta tambayi karatu, ta tambayi ko ina shafa mai a ƙafa saboda sanyi. Ina jin muryar Mariya a bayanta tana cewa a ba ta. Sannan Mama ta ce, "Tsohon nan fa, yana nan kan tukunyarsa?"

Na dubi Baba, ya kau da kai. Na faɗa mata. Tagar, injin, gwangwanayen.

Na ɗauka layin ya yanke. Ina jin babur yana wucewa a can, da wani yana sallama.

"Na gwangwanin," in ji ta, "da wake ko babu?"

"Da wake, Mama."

Ta yi wani ɗan sauti ta hanci, mai kama da dariya.

"To. Ashe dai ni ce da gaskiya."

Muryar Baturiyar kati ta shigo tana cewa lokaci ya kusa ƙarewa. Mama ta ce in riƙa rufe ƙofa da kyau in Baba ya fita. Na ce to. Layin ya ɗauke, na ci gaba da riƙe wayar a kunne, har Baba ya zo ya karɓa a hankali ya mayar da ita mazauninta, ya tambaye ni me za mu ci.